Yunwar Inna a Jikin Ɗiyata

Duk 'ya'yan Inna Allah ya ba su tsawo, ban da ni. Ni ce aka yi cikina a shekarar babban fari, lokacin da Inna ke jiƙa 'ya'yan anza har ɗacinsu ya fita, ta ci, ta kora da ruwa. Na fito kamar ɗan tsako, na tashi da laulayi, na girma ban wuce kafaɗar ƙannena ba. A Madarunfa in ana nemana cikin taron biki, ƙasa ake dubawa.

Na samu cikina na farko a tsakiyar shekarun casa'in. Ranar awo, malamar likita ta ce mana yunwar da mai ciki ta sha tana iya barin alama a jikin ɗanta, wani sa'in har ta kai ga jika. Sauran mata suka ci gaba da hirarsu. Ni kuwa na rantse abin da ke cikina ba zai biyo ni ba.

Sai na shiga ci ba ji ba gani. Kifin tafki soyayye da banda, fura da nono, ƙosai, tuwon dare da ɗumamen safe. Maigidana ya rame ni ina cika. In na hau amalanke za ni awo, jakin har waiwayowa yake ya dube ni.

Da haihuwa ta zo, aka samu ɗiya lafiyayya, amma ungozoma da hannu ɗaya ta ɗaga ta. Ashe duk kifin nan a jikina ya tsaya. Haushi ya kama ni, na fashe da kuka, ga ni gajera ga ni ƙatuwa.

Inna ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana duban 'yan yatsunta.

"Wallahi haka kika zo," ta ce. "Ki gafarta mini, ɗiyata. Abin da na samu ke nan na ba ki."

"Haba Inna, mi kika yi?"

Shekara da shekaru ina wasa da gajartata a gabanta tana dariya, ban taɓa sanin laifinta take ɗaukar abin ba. Na jawo kwanon kifin da aka kawo wa mai jego, na tura gabanta, na ce sai ta cinye.