Yankan Hanya a Ƙofar Mai Takaba

Har gobe ba na manta ranar da aka fara aika ni duba ɓarnar hanya ni kaɗai. A farkon shekarun tamanin ne, tsakiyar damina, ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, da ya zo sitaj don koyon aiki a biro, ofishin masu kula da hanyoyi a Madawa. Ma'aikata suna ce mini Malam Shiru, domin in ba a tambaye ni ba, sai in wuni ban ce uffan ba.

Ga waɗanda ba su riski tsarin lokacin ba, kowane yanki na hanya yana da kantoniye, wato leburan da ke bin ta da shebur yana lura da ita. In ya ga ɓarna sai ya aiko, a tura mutum ya auna ya rubuta rapor, wato rahoto. In ruwa ne ya yi ɓarnar, a sa ta a layin gyara. In hannun mutum ne, rapor ya wuce wurin kwamanda mai mulkin yankin, shi kuma ya tura gardi, wato ɗan sandansa. Wanda ke son haƙa a kan hanya kuwa, dole mai gidan da kansa ya zo biro ya nemi izini, ya dangwala yatsa, shef, shugaban biron, ya duba wurin, sannan kwamanda ya buga hatimi.

To, kantoniyen bayan Galma ya aiko cewa ana yanka hanya a tsakiyar wani ƙauye, har wata kamyo, babbar mota mai ɗauke da albasa, ta nutse a wurin, sai da aka sauke kayan. Shef ɗinmu, Mushe Haruna, mutum ne mai kaushin murya. Ya miƙo mini makullin mobilet, ɗan ƙaramin babur, ya ce, "Tahi ka auna, kuma ka samo min sunan mai wanga aiki."

Na iske wurin ba wuya. Layi ne na ƙasa mai taushi da ya ratsa hanyar daga gefe zuwa gefe, an haƙa an mayar, an daddaɓe da ƙafa. Ina durƙushe ina awo sai inuwa ta rufe ni. Wani dattijo ne mai rawani, riƙe da dagi.

"Yaro, in mai yankan kake biɗa, ka huta. Ni ne. Sunana Agali."

Ya ja ni gefen tudu ya nuna mini. Tun da aka ɗaga hanyar da jar ƙasa a rani, ruwan da ke gangarowa daga dutse ya daina tsallakawa zuwa kwari. Sai ya taru a gindin bangon wani ɗaki. Baba Agali ya tura hannu a gindin bangon, hannun ya shige har wuyansa. Ya ce duk sa'ad da hadari ya taso yakan yanka hanyar don ruwa ya wuce, in an ɗauke ya mayar da ƙasar.

Ɗakin na amininsa ne, Malam Sha'aibu, wanda ya rasu gab da ruwan farko. Matarsa, Inna Hajo, tana ciki tana takaba, kuma ba za ta fita ba sai wajen kaka.

"Mun yi, mun yi ta dawo gidana, ta ƙiya," in ji shi. "Liman ma ya ce lalura ce, babu laifi."

Sai murya ta fito daga bayan asabari, a hankali. Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida, sannan ta ce, "Ɗana, shi ya gina ɗakin ga da hannunai. Nan ya bar ni, nan nika ida kwanakin takaba. In na ida, ɗakin ya faɗi in ya so."

Na sunkuyar da kai na yi wa Baba Agali bayanin izini. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce ai ya je biro tuni, an ce ba shi ne mai gida ba.

"Mai gida na kushewa, matar na takaba. Wa za ya tahi?"

Na auna yankan, na auna zurfin cin da ruwa ya yi wa bangon, na koma.

A rapor na rubuta abin da na gani duka: sunan mai yankan, haɗarin da ke ciki ga motoci, da abin da ke bayan bangon. Mushe Haruna ya karanta yana tsaye.

"Na ce ka samo min suna, ka kawo min tarihi."

Da ƙyar na ce, "Mushe, in an hana shi yanka, bangon ba zai jure wani babban ruwa ba."

Ya juya ya kalli waje. Can ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Tsohuwata ma a ɗakin babanmu ta yi nata." Ya ajiye rapor ɗin. "To, tunda ba ta iya zuwa biro, biro ya tahi."

Washegari ya biya wurin kwamanda ya yi masa bayani, muka ɗora wa mota wani bututun siminti da ya rage daga wani aiki, muka ɗauki leburori. Muna sauka ya nufi Baba Agali.

"Tsoho, kai ne ka yanka hanyar gwamnati?"

"Ni ka yanka, ni ka ɗinkewa. Ba a taɓa biyana ko ɗaya ba."

"Ɗinkin naka ya kusa haɗiye kamyo. Da a ce da dare ta zo, da yanzu wata maganar muke."

Baba Agali ya ce, "Wannan gaskiya ne."

Sai aka zo dangwale. Mushe Haruna ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa nesa kaɗan da ƙofar, ya yi ta'aziyya. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Ya karanta mata abin da takardar ta ƙunsa da Hausa, ya tambaye ta ko ta yarda a haƙa a ƙofarta. Ta ce ta yarda. Matar Baba Agali ta karɓi tawadar da takardar, ta zauna a bakin ƙofa. Hannu siriri ya fito ta ƙarƙashin asabari, matar Baba Agali ta riƙe babban yatsan ta danna. Mu duka mun kawar da kai.

Kafin la'asar an binne bututun, an daɓe hanyar da kyau, an jera duwatsu a gindin bangon. Hukuncin Baba Agali kuwa, shef ya ce shi zai riƙa share bakin bututun bayan kowane ruwa, kuma in aka sake ganin dagi a kan hanya, gardi ne zai zo.

Na koma lakwal kafin kaka. Daga baya kantoniyen ya ba ni sauran labarin. Bangon ya tsaya. Ranar da Inna Hajo ta fita takaba, kafin ta shiga gaishe-gaishe, cewa ta yi a kai ta ta ga abin da ta yi ta jin ruwa na gudu a cikinsa. Ta durƙusa ta leƙa ta wannan baki, ta hango haske ta wancan. Ta ce, "Ashe ɗan wanga abu ne." Bayan haka ta rufe ɗakin da hannunta, ta koma wurin ɗiyarta a Sabon Gida.

Na yi sauran rayuwar aikina a kan hanyoyin Madawa, Buza da Keita, kuma na tura rapor da yawa da suka ƙare a hannun gardi, domin yankan hanya yana kashe mutane. Amma ku da kuke shigowa yanzu, in kun iske an yanka hanya, kada ku tsaya a kan awo. Ku bi ruwan da ƙafa ku ga inda yake zuwa, kuma in ya kai ku gindin bango, ku yi sallama.