Yadda Inna Ta Riga Ni Zuwa Abuja

Mun tashi da asuba daga unguwar Pantami a Gombe, ni da gyatumata, da kwallar man shanu da ta rantse sai ta kai wa mai jego. Ƙanwata ce ta haihu a Abuja, washegari suna, kuma jaririyar sunan Inna za ta ci. Inna ba ta taɓa shiga jirgi ba, tun a mota take jan carbi.

Hanyar filin jirgi na Lawanti lafiya lau, gonakin dawa sun yi kore shar. A filin jirgi na sayi shayi kofi ɗaya, kuɗinsa ya kusa na kaza a kasuwa. Na shanye har ɗigon ƙarshe don kada asarar ta zama biyu.

Sai aka yi sanarwa: babban jirgi ba zai zo ba, kamfanin ya ɗauko ƙarami haya, kujeru ba za su isa kowa ba. Mu biyu, kujera ɗaya ta rage mana. Wani da ya sauko daga jirgin kuma ya ƙara dagula lissafi, ya ce ai can baya a cikinsa fili ne fetal, an cire kujeru. Nan take Inna ta zaro sallayarta.

"To ɗan nan, ka hau kujerar, ni na shimfiɗa a baya. A motar Dukku ma a kan buhu nake zama."

Wani matuƙin jirgi na kamfanin, shi ma fasinja ne ranar, ya yi dariya har da cire hula. Ya rusuna ya ce, "Hajiya, da gangan aka bar wurin. Yarjejeniya muka yi da kamfani: jiragen da zai ɗauko haya daga waje kada su wuce adadi kaza, kujerunsu ma akwai iyaka. In ba haka ba, sai ya ba 'yan haya aikin duka, mu a sallame mu."

Inna ta naɗe sallayar. "Ashe abincin wasu ake tsarewa. To ba da ni za a zubar da shi ba. Ba ni takardar shiga jirgin, ni kaɗai zan tafi."

Na kawo hujjoji, ta watsar. Ina tsaye ina kallo ta hau matakala, ko waiwaye babu. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ni kuwa na koma tashar mota. A Bauchi na ci masa mai zafi, Jos sanyi ya koya mini hankali, ramukan Akwanga suka ƙarasa abin da ya rage na bayana. Na isa jiki duk ciwo, na tarar da Inna ta yi wanka, ta sha kunu, takwararta a cinya, tana ba mata labarin gajimare. Ta dube ni ta ce, "Sai yanzu? Kai dai ka cika nawa." Gidan ya ɗauki dariya. Da safe aka raɗa suna tana zaune a gaba.

Mun dawo Gombe tare a babban jirgi, ita ce a bakin taga. Tafiyar ta nuna mini cewa na daɗe ina yi wa Inna kallon mai rauni, alhali ni ne mai tsoron rabuwa da ita.