Inda Ƙanena Ya Yanke Maganata

Ciwon ido ne ya kai ni Kuala Lumpur. Yanar ido ta rufe min na dama, na hagu ma ya fara bin sahu, sai ƙanena da ke karatun digiri na uku a wata jami'a a Bukit Jalil ya ce in zo a yi min aiki. Shekaruna hamsin da ɗoriya, ban taɓa hawa jirgi ba. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, shekarar da Baba ya rasu ya bar min gona da shanu tara da Inna da ƙanne. Ba ƙorafi nake yi ba. Ina faɗa ne don a san wanda ke magana.

Gidansa a Sri Petaling yake, hawa na sha ɗaya. Matarsa ta karɓe ni da mutunci, wannan ba zan ɓoye ba. 'Ya'yansa kuwa in na yi musu Hausa sai su amsa min da Turanci, ƙaramar ta ja hannuna ta ce, "Baffa, makan," wato in zo in ci abinci. Likita ya ce sai sugana ya sauka kafin a taɓa idon, don haka na yi sati uku ina zaune ba aikin fari ba na baƙi. Bayan magariba ƙanena yakan sauko da ni wani shagon shayi na Indiyawa Musulmi da ke ƙasan ginin, mamak suke ce masa, mu zauna a kujerun roba muna shan shayin madara mai kumfa.

A nan ne wata rana ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur ya ce, "Yaya, ba ni labarin yadda kake tsaron gida lokacin ɓarayin shanu. Ina so in ɗauka, yaran nan su girma su ji daga bakinka."

Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi. Tun da ya fara karatu mai zurfi bai taɓa tambayata wani abu da na sani shi bai sani ba.

Na ba shi komai. Na ce bindigar toka ce ta Baba, wadda maƙeri ya dasa mata ɗan ƙusa a hanci don saiti. Da rana ƙusar nan tana ganuwa, amma da zarar rana ta faɗi sai ta ɓace maka, baƙi cikin baƙi. Su kuma ɓarayin lokacin nan sun fi son tsakanin magariba da isha, sa'ad da mutane ke masallaci, shanu sun dawo an ɗaure su wuri ɗaya. Abin da Baba ya koya min shi ne in kwaɓa farar ƙasa da ɗan ƙaro, in ɗiga a kan ƙusar in bari ta bushe. Ɗigo ɗaya, kamar ƙwayar gero. Idan ya yi girma zai rufe maka abin da kake dubawa. Na gaya masa yadda samarin da suka zauna birni suke ɗaure tocila a jikin bindiga da robar tayar keke suna ganin wayewa ce, alhali nuna kansu kawai suke yi, ga shi sun kashe wa kansu ido da haske. Na ce mutum yakan zauna a duhun tun kafin duhun ya gama sauka, idonsa ya saba. Na ce a irin wannan haske kowa sama yake harbi, domin yana ɗaga kai yana neman hancin bindigarsa, don haka kumatu ba ya barin katako.

Sannan na faɗa masa dokar da ta fi duk waɗannan, wadda Baba ya taɓa marina a kanta ina yaro. Ba ka taɓa kunamar bindiga sai ka yi kira sau uku. Farin nan yana nuna maka inda bindiga ta dosa ne kawai, ba ya gaya maka ko wane ne a tsaye. Mutanen gidanmu kuma kowa ya san in zai shigo ta bayan gida bayan faɗuwar rana sai ya yi gyaran murya sau biyu.

Ya ce, "Ka taɓa ɗora ta a kan mutum?"

Na yi dariya na ce, "Kai kake tambayata?"

Ya ce, "Faɗi dai, Yaya, don yaran."

Sai na faɗa. Wata damina, bayan an kwashe shanun maƙwabcinmu da kwana huɗu, ina zaune a gindin rumbu na ga mutum ya ɗaga dangar garke ya shigo a sunkuye. Bai yi gyaran murya ba. Na ɗora farin a ƙirjinsa, yatsana a kan kunama, zuciyata ba ta ko buga ba. Na ce wane ne. Shiru. Na sake. Shiru. A na uku sai na ji murya tana rawa, "Yaya, ni ne." Shi ne, ƙanen nan nawa. Shekarunsa goma sha biyar, an koro shi daga makarantar kwana na sati biyu saboda tsallake katanga, kunya ta hana shi shigowa ta zaure, tsoro kuma ya ɗauke masa murya. Wandonsa ya jiƙe sharkaf. Na kai shi bakin rijiya ya wanke, na ba shi nawa, na ce wa Inna zazzaɓi ne ya dawo da shi. Shekara ashirin da wani abu ban gaya wa kowa ba sai wayar nan.

Muka yi dariya tare a mamak har da ƙwalla. Ya kashe wayar, ya sa aka ƙunsa mana burodin nan nasu mai laushi muka hau da shi.

Aka yi min aiki. Ana sauran kwana goma in koma gida, aka yi suna a gidan wani malamin jami'a ɗan Kaduna a Titiwangsa, duk 'yan Najeriya suka hallara. Ina zaune da baƙin tabarau ina gaisawa da mutane, na lura wasu samari biyu suna kallona suna magana ƙasa-ƙasa. Wata mata ta janye ɗanta da ya zo kusa da ni. Na ɗauka tabaran ne.

Can wani mutum ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Kirista ne ɗan Filato, sashensu ɗaya da ƙanena, zai yi shekara arba'in. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da tambaya. Tun da ka yi sallama nake jin na san muryar nan. Kai ne mai farar ƙasa da ƙaro?"

Na ce, "A ina ka ji wannan?"

Ya kalli inda ƙanena yake tsaye ana ce masa Dakta, Dakta, tun bai gama ba. Ya ce, "Ashe ba ka sani ba. Zo mu fita baranda."

Ya nuna min bidiyo a wayarsa. Zaure ne na jami'a, mutane sun kai arba'in, har da 'yan Najeriya da yawa da na gani a wurin sunan. Ƙanena a tsaye da kwat. Ya danna wani abu sai muryata ta cika ɗakin, ana rubuta fassarar da Turanci a bango. Na ji kaina ina bayanin farin. Na ji kaina ina cewa, "Na ɗora farin a ƙirjinsa, yatsana a kan kunama, zuciyata ba ta ko buga ba." A nan ta tsaya. Ba kira uku, ba "Yaya, ni ne." Wata Baturiya a gaba ta dafe baki.

Na ce, "Me yake cewa bayan nan?"

Mutumin bai so ya faɗa ba, na matsa. Ya ce, "Yana cewa wannan wani ɗan banga ne da ya yi hira da shi, daga wani ƙauye. Wai ku ji yadda mutumin da bai yi karatu ba yake maganar ran ɗan Adam ba tare da ko ɗar ba. Wai irin waɗannan su ne rabin matsalar." Ya mayar da wayar aljihu. "Ni ma na kwana a bayan gidanmu da bindiga, Baba. Mu alli muke shafawa. Tun ranar na san akwai sauran magana, domin mai kisa ba ya tsayawa yana auna girman ɗigo."

Ban ci abincin sunan ba. Muka kamo hanyar gida da yara a mota. Da muka isa na ce wa ƙanena ya tsaya a wurin ajiye motoci, matarsa ta hau da su.

Na ce, "Wane ne ɗan bangan nan na wani ƙauye?"

Ya gane nan take. Ya ce, "Yaya, ban faɗi sunanka ba. Dokar bincike ce, ba a faɗin suna."

"Muryata fa? Ita ma dokar ta ce mutane ba za su gane ta ba? Matar nan da ta janye ɗanta, sunana ta ji?"

"Minti ashirin kawai aka ba ni. Dole a yanke."

"To me ya sa wuƙar ta faɗa daidai inda kai za ka shigo?"

Ya fara min Turanci, na ce ya dawo Hausa, ba a aji muke ba. Ya ce ba ni yake nufi ba, tsari yake nufi, ni misali ne kawai. Na ce, "Misali ne ya wanke maka wando a bakin rijiya?" Ya juya yana duban ko akwai mai jinmu. Wannan juyawar ta fi min komai ciwo.

Abu ɗaya na nema. Ban ce ya janye takardar binciken da ya gabatar a zauren ba, ban san ma yadda ake yi ba. Na ce ranar Juma'a, in an idar da salla 'yan Najeriya sun taru a shagon da suke cin shinkafa, ya kunna musu sauran maganar. Ko ya bar zancen wandon, na yafe masa wannan. Ya dai ce, mutumin nan yayana ne, ya yi kira sau uku, kuma ni ne a tsaye. Ita ce Juma'ata ta ƙarshe a garin.

Ya ce, "In sha Allahu, Yaya."

Ranar Juma'a da safe ya sa kwat ya ce malaminsa mai duba aikinsa ya kira shi, amma zai same ni a can. Na tafi tare da maƙwabcinsa. Aka yi salla, aka taru, aka ci shinkafa. Na zauna ina fuskantar ƙofa. Duk wanda ya shigo sai in ɗaga kai. Ɗan Filaton nan ma ya zo, ko da yake ba sallarsa ba ce, ya zauna a gefena ya sayo min ruwan kwakwa, bai tambaye ni komai ba. Ƙarfe uku mutane suka fara watsewa.

Na miƙe na ce jama'a ku ɗan dakata. Na faɗa musu da bakina, tun daga kira na farko har na uku. Ban faɗi ko wane ne yaron ba, na ce wani ɗan gidanmu ne. Har a lokacin bakina ya ƙi. Suka saurara cikin ladabi, irin sauraron da ake yi wa tsoho marar lafiya. Wani ya ce, "Allah ya kyauta, Baba." Wani ya ce, "Ai abin ya wuce, lah," yadda mutanen garin ke ƙarasa magana. Na ga a fuskarsu cewa sun riga sun ji na Dakta da lasifika da fassara a bango, nawa kuwa maganar mutum ce mai kare kansa.

Ƙanena ya dawo gida da la'asar da ledar 'ya'yan itace, ya ce zamansa da malamin ne ya ja. Matarsa ta kasa haɗa ido da ni, ta shige kicin ta daɗe.

Shi ya kai ni filin jirgi. Ya ɗaukar min jaka, ya cike min takardu, ya nuna min ƙofar da zan bi. Da muka zo rabuwa ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Yaya, ka yafe min in na ɓata maka."

Na ce, "In? Ka gyara?"

Ya ce takardar ta riga ta tafi wurin masu bugawa, amma a littafin da zai rubuta nan gaba zai sa komai.

Na zare hannuna na ce ya gaida yara.

Yana kira duk ƙarshen wata. Ina ɗauka, domin a hannuna wayar gidan take, in ce lafiya lau, in miƙa wa Inna. Ranar da na dawo ta tambaye ni yadda ya riƙe ni a can, na ce ya kai ni asibiti mai kyau. Ta ce ai ta sani, yaron nan ba ya manta ɗan'uwa. Na ce haka ne, na tashi na tafi duba shanu.