Ƙwai a Cokali

Cikina na fari ya zo da laulayi mai neman faɗa. Wata uku cur, ba abin da na tsana kamar ƙanshin turaren maigidana, wanda ya sayo a kasuwar Shinkafi don ya burge ni. Da ya yi sallama sai zuciyata ta tashi. Bawan Allah ya naɗe tabarmarsa ya koma ɗakin da muke ajiye buhunan gero.

A wata na huɗu na warware. Abinci ya dawo mini da daɗi, jikina ya murje, na kuma fara kewar mijina. Shi kuwa ya riƙe ni kamar ƙwai a cokali. Na ƙunsa lalle, na zizara kwalli, na turara ɗaki, na zauna kusa da shi har kafaɗarmu na gogar juna. Sai ya dube ni da tausayi ya ce, "Sannu amarya, je ki kwanta ki huta."

Na shiga fushin da ba ni da bakin bayyana shi. Na ɗauka tumbin da na yi ne ya kore shi.

Ranar awo ya kai ni asibiti a Kaura bisa babur, yana kauce wa kowane rami. Malamar awon dattijuwa ce mai barkwanci. Ta gama auna ni, ta ce, "Komai lafiya lau. To ya tsakaninki da mai gonar?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabi. Ta gane. Ta leƙa waje ta kira shi.

"Malam, mi ya hana ka ɗakin matarka?"

Ya cire hula, ya mayar. Da ƙyar ya ce wani abokinsa a garin Banga ya rantse masa cewa in miji ya kusanci mai ciki, jaririn zai fito da lotsattsen kai.

Malama ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce ɗan yana kwance cikin ruwansa, ƙofa a rufe, bai san ma ana yi ba. In dai babu jini, babu zubar ruwa, babu ciwo, likita kuma bai hana ba, to mu bi a hankali, ta gefe, kada a danne cikin. Ta nuna shi da biro. "Ranar da ta ce ba ta so kuma, ka ja bakinka ka yi shiru."

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka wuce tasha ya rage gudu, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ashe fushin ke nan?"

Na mintsine shi a baya. Ranar buhunan gero suka rasa abokin hira.

Da ciki ya tsufa, ni ce na koma cewa a'a. Ƙafafuna suka kumbura, kwankwaso ya riƙe. Sai ya koyi matsa mini su da man shanu bayan la'asar, muna gardamar wanda yaron zai ɗebo. A waɗannan makonnin na san mijina fiye da duk watannin amarci.

Da aka zo ɗaukata goyon ciki zuwa gidanmu a Zurmi, ya bi motar har bakin titi, yana ta jaddada wa direba ya bi a sannu. Gwaggona da ta zo tafiya da ni ta ce masa, "Kai ma shigo mana, sai mu yi goyon ku biyu."