Saniyar da Baffa Ya Ƙi Sayarwa

Jiya a kara, kasuwar shanu, na ji kukan maraƙi bayan an loda uwarsa a mota, sai Baffa, ƙanin mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Al'adarsa ce duk kaka ya buɗe bakin kowace tsohuwar saniya, ya shafa haƙoranta da babban yatsa. Wadda haƙoranta suka cinye, sai ya sayar da ita tun tana da nama, domin ba za ta jure wa rani ba.

Wata shekara, a rugarmu ta kusa da Zangon Kataf, wata tsohuwar saniya ta haihu a makare. Mahauci ya zo ya danna ƙugunta, ya ce, "Baba, uwan zan ɗauka. Ka riƙe yaron, ni ba na da nono."

Baffa ya ce, "Ba zan raba mai shayarwa da ɗanta ba. Za a tambaye ni."

Na ce, "Baffa, ba za ta kai damina ba."

Ya ce, "Na sani."

Da bazara, saniyar ta sauka rafi, ta kafe cikin taɓo, ta kasa tashi. A nan muka yanka ta. Naman ya yi yauƙi, babu mai saye. Maraƙin ya ƙi nonon kowace saniya, sai lasar fatar da muka shanya yake yi, har ya mutu kafin sabuwar ciyawa. Baffa ya haƙa masa rami da hannunsa, bai sake ta da zancen ba.

Ya Allah, jinƙan da ya yi wa dabba har ya yi asara, Ka sa ya tarar da shi a kabarinsa.