Sifikar da Ta Tura Baba Guri

Jama'a, yau sifika ta fitar da Baba daga gida!

Kunnensa ya yi nauyi, na sayo masa doguwar sifika. Talabijin ɗinmu tsoho ne, babu ramin da kebul ɗinta zai shiga. Mai gyara ya maƙala wata 'yar na'ura, ya ce, "Bulutut zai haɗa su ta iska, ba sai da kebul ba."

Muka kunna labarai. Namiji a allo, murya ta mace: "Ruwa ya shiga gonakin shinkafa a garin Guri, ku zo!"

Baba ya miƙe. "Gonata!"

Ina ta jujjuya sifikar, sai ga maƙwabciyarmu. "Wai saƙona nake ji a ɗakinku?"

Ashe wayarta sifikar ta kama. Saƙon ma na bara ne!

Na waiwaya, Baba ya hau acaɓa.