Hancin da Ya Riga Mai Shi Ritaya

A matatar mai kowa Hanci yake ce masa, har manyan da ke zaune a ofis mai sanyi. Shekara ashirin da uku yana tsaron tafkuna huɗu na bayan matatar, inda ake tara ruwan da aka gama aiki da shi. A na farko ake kwashe man da ya taso sama, a na biyu dagwalo ke kwanciya, a na uku ake zuba magani. Na huɗu ne mai famfo, in an murɗa shi ruwan sai rafi. A bakin rafin nan yayarsa ke noman tumatir.

Ƙa'ida ita ce a ɗebi ruwan a kwalba a kai ɗakin gwaji. Amma kafin takardar sakamako ta fito, Hanci zai sansana kwalbar, ya lumshe ido, ya ce "da saura" ko "ya yi". Bai taɓa kuskure ba. Mai gwaji takan ce da ita ce hukuma, da ta sayar da na'urar gwajin ta saya masa hankici.

Shekara biyu da suka wuce hancin ya ajiye aiki ba sallama. Ruɓaɓɓen ƙwai da sabulun wanka suka zama ɗaya a wurinsa. Bai tsorata ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Sai dai ya koyi jan lokaci: ya yi ta jujjuya kwalba har takarda ta iso, ya leƙa, sannan ya gyaɗa kai kamar dama ya sani.

Wata Talata na'urar ta lalace, ga ruwan sama na kwana uku ya cika tafkunan maƙil. Injiniya da kansa ya zo da kwalba.

"Baba Hanci, fitar da mu kunya. Mu buɗe?"

Ya sansana. Bai ji komai ba, kamar kullum. Ya dubi famfon, ya dubi hanyar da ruwan ke bi zuwa gonar yayarsa.

"Ranka ya daɗe, hancin nan ya mutu. Shekara biyu ke nan takarda nake leƙe."

Injiniya ya kira motocin tanki su rage ruwan, aka aika kwalbar wani ɗakin gwajin. Ba a buɗe famfon ba. Mako na zagayowa aka mayar da Hanci rumbun da ake jera gangunan dagwalo, inda ba a neman ra'ayin kowa. Sunan dai ba a karɓe ba.

Da ya gaya wa matarsa, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Maigida, ai na sani. Bara tukunya ta ƙone ƙurmus kana zaune kusa da ita kana yabon iska."

"Me ya hana ki magana?"

"Na ga kana fama da riƙon sirri, na ce kada in katse maka aiki."

Da tumatir ya nuna, yayarsa ta aiko da kwando guda. Ya ɗauki ɗaya, hannu ya kai shi hanci da kansa.

"Ya yi, ko da saura?" in ji matar.

Ya juya shi, ya mayar cikin kwandon.

"Sai takarda ta fito."